Ki Tambayi Likitar Fata: Kashe Saiwar Gashi da Lantarki

Wasiƙun wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya: gashin da ke fito wa mace a inda ba ta so, da aikin nan na kashe saiwarsa da lantarki, wanda ake kira ilektirolisis. Na tsamo waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda masu su suka nema.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 27. Tun ina 'yar shekara 19 gashi ya fara fito mini a haɓa, guda uku ko huɗu, ina tsigewa da hantsaki. Yanzu ya bazu har wuya da gefen kunci, kowace safiya sai na daɗe gaban madubi kafin in iya fita. Haɓata ta yi baƙi, ga ƙuraje. Al'adata ma takan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, amma wannan bai dame ni kamar gashin ba. Na ji an ce lantarki na kashe gashi har abada. Gaskiya ne, ko dai daɗin bakin masu talla ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Gaskiya ne. Duk saiwar da aka kashe da kyau ta mutu ke nan, ba za ta ƙara fitar da gashi ba iya rayuwarki. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ɗauki wannan aiki a matsayin kawar da gashi na dindindin, alhali masu na'urar leza abin da ta yarje musu su ce shi ne suna rage gashi. Sai dai masu talla a nan suke tsayawa, su bar ki ki gano sauran bayanin bayan kin zuba kuɗi. Gara ki ji shi tun yanzu.

Kowane silin gashi daga wani siririn rami yake fitowa a cikin fata. A can ƙasan ramin akwai saiwa da 'yan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ita, a sama kaɗan kuma akwai ƙwayoyin halittar da ke sake gina gashi duk sanda tsohon ya faɗi. In kin sa hantsaki, silin kawai kika ɗauke, masu yin sa suna nan daram. Mai aikin lantarki kuwa allura take ɗauka wadda kaurinta bai wuce na gashin ba, ta zura ta a hankali ta gefen silin har ƙasan ramin. Ba huda fata take yi ba, ƙofar da ke buɗe take bi. Sai ta saki ɗan lantarki, ta zare allurar, ta ɗaga gashin da hantsaki, ta koma na gaba. Ɗaya bayan ɗaya, haka aikin yake.

Kuma ba sabon abu ba ne. Wani likitan ido a birnin Sen Luwis na Amurka, Charles Michel, shi ya fara ba da rahotonsa a 1875, ba ma don kwalliya ba. Marasa lafiyarsa gashin idonsu ne ke juyawa ciki yana gogar ƙwayar ido, in an tsige ya dawo. Hanyarsa ita ce ta farko cikin uku da ake bi har yau: lantarki irin na batir ya haɗu da ruwa da gishirin da ke cikin ramin, su rikiɗe su zama ɗigon soda mai ci, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, ita ce ke narkar da saiwar. Tana da tabbas, sai dai tana cin lokaci a kan kowane sili. A shekarun 1920 wani likita a Liyon ta Faransa, Henri Bordier, ya zo da ta biyu, wadda zafi ke yin aikin: lantarki mai saurin kaɗawa ya ɗumama ruwan da ke kewaye da bakin allurar, ya ƙona saiwar cikin ƙiftawar ido. Daga baya Arthur Hinkel da Henri St. Pierre suka haɗa biyun a na'ura ɗaya, aka yi musu rajistar ƙirƙirar a 1948. Ga mace mai murɗaɗɗen gashi ni ta ukun nan na fi natsuwa da ita. Murɗaɗɗen gashi raminsa ma a lanƙwashe yake, allura kuwa miƙaƙƙiya ce, to inda bakinta bai kai ba sodar takan malala ta kai.

Maganar lokaci ita ce inda yawancin mata ke karaya. Gashi ba tare yake girma ba. Kowane rami da zagayensa: gashi ya yi girma, ya tsaya, ramin ya huta, tsohon ya zube, sabo ya taso. Abin da kike gani a madubi yau wani ɓangare ne kawai. Wasu ramukan suna hutu, wasu kuma ke kika tsige su makon jiya, sabon bai leƙo ba tukuna, allura kuwa ba ta da yadda za ta bi ramin da ba gashi a bakinsa. Shi ya sa mace za ta je a share mata haɓa tas, bayan mako biyu ta ga gashi, ta ce an cuce ta. Akwai ƙalilan da sai an sake bi ta kansu, amma galibi waɗanda ba a taɓa ba ne suka iso. Ga mai irin yawan da kika kwatanta, ki sa ran shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ko ma fiye. Da farko za ki riƙa zuwa duk mako ko mako biyu, ana yin minti 30 zuwa awa guda. Can gaba sai ya koma sau ɗaya a wata, minti 10 ko 15 an sallame ki. Watannin farko su ne masu wuya, domin kina biya kina jin zafi kuma kamar ba a yin komai. Waɗanda na ga sun yi nasara su ne waɗanda suka daure suka haye wannan gaɓar ba tare da fashin zuwa ba.

Amma layin da kika wuce da sauri a wasiƙarki shi ya fi tsaya mini a rai. Kin ce al'ada takan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, wai bai dame ki ba. Ni ya dame ni, domin ina ganin ita da gashin tushensu ɗaya. Mutum ba ya yin sabon ramin gashi bayan an haife shi. Fuskar kowace mace cike take da ramuka masu ɗauke da ɗan gashi mai laushi marar launi, wanda ba a lura da shi. Sinadaran da ake kira androjin, waɗanda maza ke da su da yawa, mata kuma kaɗan, su ne ke juya wannan mai laushin ya zama baƙi mai kauri. In sun yi yawa a jininki, ko fatarki na saurin amsa musu, to mai lantarki tana kashewa ta nan, su suna tayar da wasu ta can.

Babban abin da ke jawo wa mata wannan shi ne larurar ma'ajiyar ƙwan haihuwa da ake kira PCOS, wadda ke samun kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa. Tun bayan taron masana a Rotadam a 2003, ana tabbatar da ita in an sami biyu cikin abubuwa uku: rikicewar al'ada, alamun yawan androjin a jiki ko a gwajin jini, da yanayin ma'ajiyar ƙwai a hoton sikanin, bayan an tabbatar ba wata cuta ce ke kwaikwayonta ba. Ke da bakinki kin riga kin faɗi biyu. Ki je wurin likitar mata a yi miki gwaji, har da na suga, domin PCOS na tafe da haɗarin ciwon suga, kuma barin mahaifa ta yi watanni ba ta zubar da jini ba yana sa bangonta ya yi kauri, abin da ba a so ya ɗore. In ba kya neman ciki yanzu, akan ba da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, wani lokaci a ƙara da sipironolakton, maganin da ke rage tasirin androjin. Shi sipironolakton ɗin ba a shan sa sai da hanyar hana ɗaukar ciki, don yana iya cutar da ɗan tayi namiji. Magungunan nan sai sun yi kamar wata 6 kafin ki ga tasirinsu, kuma ba sa zubar da gashin da ya riga ya yi kauri. Aikinsu su tsayar da masu zuwa, lantarki ya share waɗanda ke nan.

Daga yau kuma ki ajiye hantsakin nan. Baƙin haɓarki da ƙurajen ba gashin ne ya kawo su ba, tsigar ce. Ki koma almakashi ko reza, in ranar zuwanki ta matso ki bar shi kwana biyu ko uku ya ɗan tsiro yadda za a iya kama shi.

TAMBAYA: Likita, 'yata shekararta 16, gashin baki ya fito mata har ƙawayenta na tsokanarta. Na kama ta da reza na hana ta, don na san aski na ƙara wa gashi kauri da yawa. In kai ta a yi mata lantarkin?

AMSA: 'Yar uwa, ki mayar mata da rezarta. Aski ba ya ƙara wa gashi kauri, ko yawa, ko saurin fita. Wata masaniyar ilimin jikin ɗan Adam a Amurka, Mildred Trotter, ta auna wannan tun 1928, binciken da ya biyo baya kuma bai saɓa mata ba. Silin da ba a taɓa yankewa ba bakinsa siriri ne. In reza ta yanke shi a tsakiya sai ya fito da yankakken baki, a ji shi da kaushi a hannu, amma saiwar da ke can ciki ba ta ma san an yi ba. Abin da ke ruɗar iyaye shi ne yarinya takan fara aski daidai shekarun da gashin ke ƙaruwa da kansa, sai a ɗora wa reza laifin balaga.

Ana iya yi wa mai shekarunta lantarki da yardar iyaye, sai dai ni zan so a fara duba ta. Ki tambaye ta yadda al'adarta take, ki kuma duba man da take shafawa. Mayukan hasken fata da yawa suna ɗauke da sinadarin sitiroid, shi kuwa in aka daɗe ana shafa shi yana fito da gashi a fuska, yana kuma sa fata ta yi siriri. In da shi, kada ta yanke rana ɗaya, likita ya nuna mata yadda za ta janye a hankali. Kuma don Allah kada maganar ta zama ta gaban jama'a a gida. Yarinyar da ta kai ga ɗaukar reza a ɓoye ta riga ta sha kuka ita kaɗai. Abin da take bukata ta ji daga gare ki shi ne wannan abu ne da ke samun mata da yawa, kuma yana da magani.

TAMBAYA: Ni baƙa ce sosai, gashin ƙafa da hammata da mara ne ke damuna, yana juyawa cikin fata ya yi ƙuraje duk sanda na yi halawa. Tsakanin leza da lantarki wanne ya fi?

AMSA: Ga wurare masu faɗi irin waɗannan, da leza zan ce ki fara. Ƙafa ɗaya tana da dubban gashi, bin su sili-sili da allura aikin awoyi ne masu yawan gaske. Leza haske take harbawa, launin da ke cikin gashin ya sha hasken ya yi zafi, zafin ya lalata saiwar, kuma harbi ɗaya na kama gashi da yawa. Matsalar ita ce launin da ke cikin gashi shi ne dai a cikin fata, don haka na'urar da ba ta dace ba fatarki za ta ƙona kafin ta kai saiwa. Ki tambayi sunan na'urar da bakinki. Wadda ta fi aminci ga baƙar fata ita ce Nd:YAG mai tsawon haske nanomita 1064, don haskenta na wuce saman fata ya shiga can ciki. In aka ce miki IPL ce, wato wata na'urar haske wadda ba leza ba, ki yi godiya ki fita. Akan yi zama 6 zuwa 8, gashi ya ragu sosai, ragowar ya yi laushi, ƙurajen nan kuma yawanci su ne ke fara ɓacewa. 'Yan tsirarun da suka ƙi ji sai a ƙarasa su da lantarki, wanda shi ba ruwansa da launin fata ko na gashi.

A fuska ne nake taka-tsantsan da leza. Wasu mata ƙalilan, musamman in an harba ta a kan gashi mai laushi a kunci da wuya, maimakon ya ragu sai ya ƙaru ya yi kauri. Na ga wannan da idona, kuma gyaransa lantarki ne.

TAMBAYA: Shekarata 54, al'ada ta ɗauke mini shekara uku ke nan. Wasu gashi masu tauri sun fito mini a haɓa, ba su fi goma sha ba, rabinsu furfura. An ce leza ba za ta yi mini ba.

AMSA: Hajiya, wanda ya faɗa miki ya faɗi gaskiya. Furfura ba ta da launin da zai sha haske, leza ba ta ganin ta. Ke ce ma wadda lantarki ya fi dacewa da ita a duk wasiƙun nan. Bayan ɗaukewar al'ada sinadarin mata da ake kira istirojin na raguwa sosai, ɗan androjin ɗin da ke jiki tun asali sai ya sami sarari, shi ya sa mata da yawa ke ganin haka a shekarunki. Naki zama ne na 'yan mintuna, ana ba da tazara, cikin watanni an gama. Nan da wasu shekaru, sili ɗaya ko biyu na iya sake ɓullowa daga wani ramin dabam, sai ki koma a cire.

TAMBAYA: Likita, na yi wata bakwai ina zuwa wani wurin gyaran jiki ana yi mini lantarki a saman leɓe da haɓa. Duk sanda ta cire gashi ina jin kamar tsiga. Wani lokaci kuma wurin ya yi fari, ya yi ruwa, ya yi ɓawo har mako biyu. Yanzu ga tabo baƙi, ga 'yan ramuka, gashin kuma bai ragu ba. Ta ce haka fatata take.

AMSA: Ba haka fatarki take ba, 'yar uwa, kuma raina ya ɓaci da na karanta wannan. Ki daina zuwa. Abubuwa biyun da kika lissafa kowannensu shaida ce a kan hannun mai aikin. Gashin da aka kashe saiwarsa zamewa yake yi ya fito ba gardama, sau da yawa da ɗan farin kube a gindinsa. In kin ji an fizga, to ba a kashe ba, tsige miki aka yi kika biya kuɗin lantarki. Fari da ruwa da ɓawo mai daɗewa kuwa alama ce ta ƙuna a saman fata: ko allurar ba ta kai ƙasan ramin ba, ko an ƙure ƙarfin na'urar, ko an yi ta bin ramuka maƙwabta a wuri ɗaya a zama ɗaya. Saman leɓe ba ya ɗaukar haka, tsallake-tsallake ake yi masa.

Abin da ake sa rai bayan aiki mai kyau shi ne ja da ɗan kumburi na 'yan awoyi zuwa kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci da 'yan ɓawo ƙanana kamar kan allura da ke zubewa da kansu cikin mako guda. Cikin kwana biyun farko ba hoda, ba taɓawa da hannu, ba aikin da zai sa gumi sosai, ba kuma ɓantarar ɓawo ko da ya yi ƙaiƙayi. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ya isa.

Baƙin tabon naki zai dushe, amma watanni zai ɗauka, kuma rana na ƙara masa duhu, don haka ki riƙa shafa man kariyar rana mai lamba 30 ko sama kullum. Kada wani ya ba ki man bilicin a kai. Ramukan kuma ki bari likitan fata ya gani, wasu na cikowa cikin shekara guda, wasu na bukatar aiki.

In fatar ta warke kina son ci gaba, wannan karon ke za ki yi wa mai aikin tambayoyi. A ina ta koya, tsawon wane lokaci, tana da takardar shaida? Dokar wannan sana'a ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a Amurka ma kowace jiha da tata, akwai kuma wuraren da kowa na iya sayen na'ura ya kafa allo. Allurar dole ta zama sabuwa, a cikin takardarta a rufe, a buɗe ta a gabanki, a jefar bayan an gama. Hantsaki a dafa shi a na'urar kashe ƙwayoyin cuta, ba a goge da auduga kawai ba, domin ciwon hanta nau'in B da C ta ɗigon jinin da ido ba ya gani suke bi. Ta sa safar hannu, ta yi aiki da fitila da gilashin ƙara girma. Ki nemi a fara da gwaji na 'yan mintuna a ƙarƙashin haɓa, ki koma gida ki ga yadda wurin zai warke kafin ki miƙa fuskarki. In kin san jikinki na yin tabo mai tudu, irin wanda ke kumbura bayan hujin kunne, ki ga likita kafin a soma. Mai aikin da ta ji haushin waɗannan tambayoyi ta riga ta ba ki amsa.

TAMBAYA: Anti Likita, saura mako shida aurena, ina so a gama mini da gashin kunci kafin ranar. Da zafi sosai? Na kuma ga wani hantsaki mai batir a intanet da aka ce yana kashe gashi ba allura ba zafi, in saya?

AMSA: Allah ya sanya alheri, 'yata. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Mako shida ba za su gama komai ba, kuma ba na so ki gwada sabon abu a fuskarki daf da ranar da kowa zai kalle ta. Ki rage shi da reza ko almakashi yanzu, ki fara lantarki bayan hidima ta lafa. Akwai wani man shafawa, efilonitin, da likita ke rubutawa a inda ake samun sa. Asalinsa maganin ciwon barci ne, aka lura yana rage saurin fitar gashi. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 8 kafin a ga aikinsa, in an daina kuma gashin ya koma yadda yake cikin kamar wata biyu, ba a kuma so mai ciki ta shafa.

Zafi akwai. Kowane sili da ɗan tsininsa mai ɗumi, yana zuwa ya wuce nan take. Kunci da haɓa da sauƙi, tsakiyar leɓe ƙarƙashin hanci shi ke sa hawaye. Ana shafa man kashe zafi mai lidoken kamar awa guda kafin a fara, a ɗan wurin da za a yi aiki kawai, domin in aka lafta shi a wuri mai faɗi yana shiga jini ya yi illa. Ki guji kwanakin da al'ada ke gab da zuwa, jiki ya fi jin zafi a lokacin.

Hantsakin nan kuwa ki bar musu kayansu. Silin gashi ba ya ɗaukar lantarki ya kai shi saiwa. Tsiga ce kawai da batir a jiki.

TAMBAYA: Ina da cikin wata biyar, gashi ya fito mini a ciki da kewayen nono. Zan iya yi yanzu?

AMSA: Ki jira ki sauka lafiya. Cikin hanyoyi ukun da na bayyana a amsar farko, a ta farko da ta uku ana ba ki wani ƙarfe ki riƙe, lantarkin ta jikinki yake zagayawa, ba a yi wa mai ciki wannan. Kuma yawancin gashin da ciki ya kawo yakan zube da kansa cikin kamar wata 6 bayan haihuwa. Wanda ya rage bayan yaye sai a duba.

Tun da an zo nan, ga wasu da ya kamata su yi magana kafin su hau gadon aikin. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ta yi sai likitan zuciyarta ya amince. Mai ciwon suga, da mai shan maganin tsinka jini, da wadda ƙurajen zazzaɓi ke yawan fito mata a leɓe, su faɗa tun a zaman farko. Gashin da ya fito a kan tawadar Allah kuma ba a taɓa shi sai likita ya duba tawadar.

TAMBAYA: Shekarata 38, ban taɓa samun matsalar gashi ba. Cikin wata biyar da suka wuce gashi ya rufe mini haɓa da ƙirji da baya, na gaban kaina na zubewa, al'ada ta tsaya, mutane na cewa muryata ta yi kauri. Nawa ne adadin zaman da zan yi a gama?

AMSA: 'Yar uwa, wasiƙarki ba ta lantarki ba ce, kuma ina fata ba ki jira fitowar mujalla ba kafin ki nemi likita. In ba ki je ba, ki je cikin makon nan. Gashin PCOS a hankali yake zuwa, tun daga ƙuruciya, cikin shekaru. Wanda ya zo cikin 'yan watanni ga mace mai shekarunki, tare da kaurin murya da sanƙo da tsayawar al'ada, yana nuna androjin ya hau sosai, kuma dole a binciki ko akwai ƙari a ma'ajiyar ƙwai ko a ƙullutun da ke saman ƙoda. Ba kasafai ake samun sa ba, in an same shi da wuri kuma sau da yawa tiyata ce ke kawo ƙarshensa. Jinkiri yana da tsada ta wani gefen ma, domin murya in ta daɗe da yin kauri ba lallai ta dawo ba.

Ki nemi likitar mata ko likitan sinadaran jiki. Za a fara da gwajin ciki, a auna sinadaran androjin guda biyu, testosteron da DHEAS, a jini, a yi sikanin mara, in da bukata a ɗauki hoton saman ƙoda. Ki faɗa masa watan da abin ya fara, da ko fuskarki ta yi faɗi, ko wasu jajayen layuka sun fito miki a ciki, ko hawan jini ya taso. Ki zuba duk abin da kike sha ko shafawa a jaka ki tafi da shi, har da na ƙarin ƙiba, da na ƙarin kuzari, da allurar da wani ya taɓa yi miki, da kowane man magani da maigidanki ke shafawa a jikinsa, domin man testosteron na maza yana iya shafar matar da ke haɗa jiki da mai shi. Gashin da ya rage bayan an magance tushen, za a bi shi da allura daga baya.